Haɗeja 1906: Ina Sunayen Talakawan Da Suka Riƙe Gari?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja, daga Kafin Hausa har Birniwa, daga Auyo har Guri, ya san sunan Sarki Muhammadu Mai Shahada. Ya san cewa a ƙarshen watan Afrilu na 1906 rundunar Nasara ta taso daga Kano a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da ɗaruruwan sojoji, da igwa, da bindigogi masu aman harsashi ba ƙaƙƙautawa, ta zo ta tsaya a bakin ganuwar Haɗeja. Ya san cewa Nasara sun aiko wa Sarki da sharuɗɗan miƙa wuya, aka sallami ɗan aiken da mari. Ya san an shiga gari, an yi awoyi ana gwabzawa lungu-lungu har cikin fada, inda Sarki ya faɗi tare da wasu daga cikin 'ya'yansa da manyan sarakunan yaƙinsa. Wannan duk an sani, kuma ya cancanci a sani. Allah (T) Ya karɓi shahadarsu.

To amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta fi kusa da matashin da ke karanta wannan shafi. Wurin da aka yi yaƙin nan gari ne mai cike da mutane. Akwai mata a cikinsa, akwai tsofaffi, akwai almajirai da jarirai. Akwai maƙera, da majema, da masunta, da masu tallar fura. Su wane ne su? Ina sunayensu? Wa ke tuna su?

Kafin a ce komai, ya kamata a fahimci abin da mutanen nan suka sani a lokacin. Ba cikin duhu suke ba. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, duk da ganuwarta. Sakkwato ta faɗi a watan Maris na wannan shekara. A watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗaruruwan waɗanda suka bi shi hijira. Sannan a watan Maris na 1906, makonni kaɗan kafin waƙi'ar Haɗeja, aka shafe Satiru daga doron ƙasa, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka kwashe mata da yara, aka hana a sake gina garin. Fatake suna yawo, labari kuwa ya fi fatake sauri. Saboda haka talakan Haɗeja ya san abin da igwa ke yi wa ganuwar ƙasa, ya kuma san abin da ke samun garin da ya ce a'a. Da wannan sanin ya kwana, da shi ya tashi. Jarumtar wanda bai san abin da ke zuwa ba daban take da jarumtar wanda ya sani sarai, ya kuma zauna.

Sannan a dubi abin da yaƙi ke tsayawa a kai. Ganuwar da mayaƙa suka dogara da ita, hannun talaka ne ya kwaɓa ƙasarta, domin haka ake gina ganuwa a ƙasar nan, da aikin gayya, a kuma sake yaɓe ta bayan damina ta ci ta. Dokin da barde ya hau, wani ne ya yanko masa ciyawa, wani ne ya noma dawar da ya ci. Mashin da aka jefa, a maƙera aka ƙera shi. Hatsin da ke rumbunan birni daga ƙauyuka ya fito, daga irin fadamun da mutanen Guri ke nomawa har yau. Da aka gama harbi kuma, rana ta yi sanyi, ba gawa ce ta binne kanta ba. Wasu ne suka fito daga ɗakuna da zuciya a karye, suka ɗauki fartanya suka haƙa kaburbura. Wasu mata ne suka tattara marayu, suka hura wuta a daren nan, domin yaro ba ya san an ci gari ba, yunwa kawai ya sani. Washegari wani ya kira salla. Da babu waɗannan, da yau babu garin da ake kira Haɗeja, balle a sami mai ba da labarin Mai Shahada.

Yanzu a dubi yadda aka raba girmamawa bayan ƙura ta lafa. Gwamnatin Ingila ta ba sojojinta da suka yi yaƙin Satiru da na Haɗeja lambar yabo, ta rubuta sunayensu a kundinta. Kyaftin Phillips, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, kabarinsa na nan a Haɗeja, sananne ne, ana nuna wa baƙi. Sarki da sarakunan yaƙi kuwa, maroƙa da masu tarihi sun riƙe sunayensu, alhamdu lillahi. Wanda ya tashi a tutar babu shi ne mutumin da ya ɗauki nauyin kowa. Nasara bai ƙirga shi ba, domin a wurinsa ba mutum ba ne cikakke. Masu rubuta tarihin sarauta ba su ƙirga shi ba, domin ba shi da rawani.

Abin mamaki, Ingilar nan da ta fasa ganuwar Haɗeja ta san darajar juriyar farar hula idan nata ne. A yaƙin duniya na biyu, daga 1940 zuwa 1942, jiragen Jamus da Italiya sun killace tsibirin Malta, suna ruwan bama-bamai, suna nutsar da jiragen ruwan da ke kawo abinci, har mutane suka koma kwana a cikin ramukan duwatsu suna karɓar abinci a ɗakunan girki na gayya. Ran 15 ga Afrilu 1942 Sarki George na shida ya ba tsibirin gaba ɗayansa lambar George Cross, wato lambar jarumta mafi girma da Ingila ke ba wanda ya nuna jarumta ba a fagen fama ba. Har yau hoton lambar na jikin tutar Malta, kuma a babban birninsu akwai ƙararrawar tunawa da aka kafa a 1992. Shekara 36 kacal ke tsakanin Afrilun Haɗeja da Afrilun Malta. A ɗaya an ba waɗanda aka killace lamba, a ɗayan kuwa waɗanda suka kawo harin aka ba. Darasin a fili yake: azzalumi ba zai taɓa girmama wanda ya zalunta ba. Al'ummar da ke jiran wani ya zo ya rubuta mata sunayen mutanenta za ta daɗe tana jira.

Sauran al'ummu ba su jira ba. Birnin Leningrad na Rasha ya yi kwana 872 a killace, daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944. An kai lokacin da rabon yaro ko tsoho a yini bai wuce burodi giram 125 ba, kuma hanyar shigo da abinci ɗaya ce tak, ta kan tafkin Ladoga bayan ya daskare. Gwamnatinsu ta buga lambar tsaron birnin, ta ba soja ta ba farar hula, har da matan da suka haƙa ramuka da masu kashe gobara. A Sarayebo ta ƙasar Bosniya, inda aka killace mutane daga 1992 zuwa 1996, mazauna birnin sun haƙa rami mai tsawon kimanin mita 800 a ƙarƙashin filin jirgin sama, ta nan suke shigo da abinci da magani. A Afrilun 2012 suka jera jajayen kujeru 11,541 a babban titin birnin, kowace kujera a madadin mutum ɗaya da aka kashe, ɗaruruwa daga ciki ƙanana ne, na yara. A Gaza kuwa, ana tsakiyar ruwan wuta, ma'aikatar lafiya ta fitar a Satumban 2024 da kundi mai shafi 649 ɗauke da sunaye sama da 34,000, da shekarun kowa. Shafuka 14 na farko duk jarirai ne da ba su cika shekara ba. Mutanen da ba su da wutar lantarki, ba su da ruwan sha, ba su yarda a mayar da mamatansu adadi kawai ba.

Musulmi kuwa ba sai ya je Malta ko Rasha ya koyo wannan ba, domin yana cikin Sirar da ake karanta masa tun yana ƙarami. Lokacin da Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim, suka takure su a kwazazzabon Abu Ɗalib kimanin shekara uku, ba ciniki ba auratayya, har aka ci ganyen itatuwa, ana jin kukan yara daga bayan dutse, malaman Sira ba su tsaya ga cewa an sha wuya ba. Sun riƙe sunan Hishamu bin Amru, wanda kan ɗora wa raƙumi abinci da dare ya kai shi bakin kwazazzabon ya sake shi. Sun riƙe sunan Hakimu bin Hizam da ke kai wa gwaggonsa Nana Khadija alkama. Sun riƙe sunayen mutum biyar da suka tashi tsaye har aka yaga takardar zaluncin, alhali a lokacin ba su musulunta ba. Kai, a ranar Badar Manzon Allah (S) ya hana a kashe Abul Bakhtari, ɗaya daga cikinsu, saboda wancan halin kirki da ya yi. Haka ake riƙe alheri.

A shekara ta biyar bayan Hijira, da rundunar ƙawance ta mutum 10,000 ta yi wa Madina zobe kusan wata guda, cikin sanyi da yunwa, har aka ɗaura duwatsu a ciki, wa aka tuna? An tuna Imam Ali (AS) da karawarsa da Amru bin Abdi Wuddin, ko shakka babu. Amma an tuna Salmanul Farisi da shawarar haƙa gwalalo. An tuna Jabiru bin Abdullahi da matarsa da ɗan akuyarsu da ɗan sha'irin da ta niƙa. An tuna Safiyya 'yar Abdul Muɗɗalib a cikin ganuwar da aka tara mata da yara. An tuna Rufaida da hemarta a masallaci, inda aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu. Mai takobi, da mai dutsen niƙa, da mai ɗaure rauni, duk Sira ta ba kowa layinsa. To yaya aka yi al'ummar da ta gaji wannan ta kasa riƙe sunan mace ɗaya daga cikin waɗanda suka raya marayun 1906?

Akwai kuma wata gaskiya da mutumin Guri ya fi kowa cancantar ya faɗe ta, domin ƙasarsa na tsakanin Haɗeja da Bade, kuma jinin ɓangarorin biyu na gudana a gidajensa. Haɗeja ba kullum ce ake kawo wa hari ba. Ita ma ta kai. A 1863 Sarki Buhari, wanda ya gagari Sakkwato, ya gamu da ajalinsa a yaƙin da ya kai Gogaram, birnin Badawa. A bayan waccan ganuwar ma akwai mata da yara da suka kwana cikin fargaba, akwai masu ɗebo ruwa da masu niƙa. Idan za a girmama juriyar raunana, to ba a tambayar tutar wa ke kan ganuwa. Uwar da ta rungume ɗanta a Gogaram da wadda ta rungume nata a Haɗeja, tsoronsu ɗaya, haƙurinsu ɗaya. Wanda ya girmama ɗaya ya manta ɗaya, ƙabilanci yake yi da sunan tarihi.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan zancen da ne. Daga Guri zuwa Nguru da Gashuwa ba nisa, kuma kowa ya ga abin da ya sami Yobe da Borno. A Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. Hanyoyin shiga Maiduguri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama hanyar Damaturu ce kusan kaɗai abin dogaro. A farkon 2015 an kai wa birnin manyan hare-hare da nufin kama shi, bai kamu ba. Ana yabon soja a kan haka, ana ambaton 'yan ƙato da gora, kuma da yawansu sun ba da rayukansu. Amma wa ya ambaci magidantan da suka buɗe ƙofofinsu? Mafi yawan waɗanda suka gudo daga Bama da Gwoza da Baga a gidajen mutane suka sauka, sansanin gwamnati kaɗan ya ɗauka. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, mai mudu ɗaya ya raba biyu, shekara da shekaru. Wa ya ambaci direbobin da suka ci gaba da bin hanya domin kada gari ya mutu da yunwa? A Fabrairun 2020 an kashe matafiya aƙalla 30 a Auno, an ƙone motocinsu, suna kwana a bakin hanya saboda an rufe ƙofar shiga birni. A Nuwamban wannan shekara aka yi wa manoman shinkafa yankan rago a Koshebe, aka yi jana'izar 43 a Zabarmari rana ɗaya. Sun san dajin ba lafiya, amma shinkafa ta nuna, iyali na jira, birni na jira. Duk wanda ya taɓa yankan shinkafa a fadamar Guri ya san ko su wane ne waɗannan. Irinsa ne.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu, manyan ƙasar nan kan taru su ajiye furanni, su saki tattabaru, domin tunawa da sojojin da suka mutu. Babu mai jayayya da haƙƙin soja. Abin tambaya shi ne, wace rana ce ta manomin Zabarmari? Wane kundi ne ya tattara sunayen mutanen Auno? Idan waɗanda aka kashe a zamanin waya da hoto suna neman ɓacewa tun marayunsu ba su girma ba, ina ga na 1906?

Saboda haka akwai aiki a gaban matasa, kuma aiki ne da ba ya jiran izinin kowa, ba ya jiran kasafin kuɗi.

Na farko, a je wurin tsofaffi tun suna nan. Waƙi'ar Haɗeja ta kai kimanin shekara 120, ba sauran wanda ya gan ta da idonsa. Amma akwai dattawa da tsofaffin mata 'yan shekara tamanin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu kai tsaye. Su ne gada ta ƙarshe, kuma kullum ana ɗaukar ɗaya zuwa makwanci. Matashi ya sami littafi da biro, ko wayar da ke aljihunsa, ya durƙusa gaban kakarsa ya ce, "Iya, me kika ji daga bakin manya game da zuwan Nasara? Wa ya mutu a gidan nan? Wa ya gudo, daga ina? Wa ya riƙe 'ya'yan?" Ya rubuta suna, da sunan uba, da unguwa ko ƙauye, da sana'a, da sunan wanda ya ba shi labarin. Abin da aka tabbatar a rubuta shi tabbatacce, abin da aka ji ƙishin-ƙishin a rubuta cewa ji aka yi. Kada a ƙara gishiri. Ƙarya ba ta girmama mamaci, kuma suna ɗaya na gaskiya ya fi tatsuniya ɗari.

Na biyu, abin da aka tattara kada ya kwanta a akwati. A haɗa shi gunduma-gunduma, Kadira da Margadu da Lafiya da Abunabo da sauransu, a ajiye kwafi a masallaci da makaranta, a karanta wa ɗaliban Islamiyya. Idan Afrilu ya zagayo a zauna a karanto sunayen, a yi musu addu'a, a yi bayanin abin da ya faru. Ba sai an kafa rumfa an kira manyan baƙi an yi ta jawabin godiya ba. Taron da aka tashi ba a ambaci sunan talaka ɗaya ba, an maimaita laifin da aka taru a gyara.

Na uku, kuma shi ne ma'aunin gaskiyar sauran, a dubi masu rai. A garuruwan ƙasar Haɗeja akwai waɗanda rikicin gabas ya koro, akwai zawarawa da marayu. Wanda ya zubar da hawaye domin marayun 1906 alhali maraya na kwana da yunwa a bayan katangarsa, hawayen banza ya yi. Buhun shinkafa ɗaya daga cikin girbi, kuɗin makarantar yaro ɗaya, gyaran ɗakin tsohuwa kafin damina: wannan ita ce lambar yabon da talaka zai iya ba talaka, kuma ta fi ta ƙarfe amfani.

Na huɗu, matashi ya gyara fahimtarsa game da jarumta. Jini na tafasa a wannan shekarun, kuma da yawa na ɗauka jarumi shi ne mai ɗaga murya, mai saurin hannu. Tarihin duk garin da aka killace ya nuna cewa abin da ke riƙe gari shi ne mutumin da zai yi wata uku yana abu ɗaya mai wuya ba tare da wani ya tafa masa ba. Mutanen Guri ba baƙin wannan ba ne. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, da ruwa ya shafe gonaki ya yanke hanyoyi a kwarin kogin Haɗeja, kowa ya ga su wane ne suka yi amfani: mai kwalekwale da ya yi ta jigila, da masu cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa cikin dare, da wanda ya buɗe rumbunsa. Ambaliya ba yaƙi ba ce, amma makarantar ɗaya ce. Wanda ya koyi ɗaure rauni, ya iya tuƙa jirgi, ya san gidan da tsoho marar kowa yake, ya saba raba abincinsa, shi ne wanda gari zai jingina da shi ranar da ba a fata.

Sarki Muhammadu ya zaɓi mutuwa da izza a kan rayuwa da ƙasƙanci, kuma sunansa ya tabbata. Mutanen da suka tsaya a bayansa, da waɗanda suka tashi washegari suka ci gaba da raya garin, suna bin jikokinsu bashi. Allah (T) Ya san su ɗaya bayan ɗaya, ba Ya bukatar kundin kowa. Masu bukatar kundin su ne 'ya'yan da za a haifa gobe, domin su san cewa jarumta ta taɓa zama a gida irin nasu, a hannun mutane irin iyayensu.

Allah Ya jiƙan shahidan Haɗeja, sanannu da waɗanda ba a sani ba. Ya jiƙan na Burmi da Satiru, da na Auno da Zabarmari. Ya kawo ɗauki ga duk waɗanda ke cikin ƙunci a yau, Ya kuma ba matasa ikon sauke wannan nauyi tun tsofaffi ba su ƙare ba.

Wassalam.